Karen da Aka Raba da Garkensa

A babban hutun 2024 na tafi Yamai wurin kawuna, na tarar da gidan cikin rigima saboda kare. Kawu ya yi shekaru yana aikin kuku a gidan wasu Turawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da Turawa da yawa suka bar ƙasar cikin gaggawa, masu gidan suka tafi suka bar masa karensu da kwanon cin abincinsa da karnen rigakafinsa, suka ce za su aiko a ɗauke shi. Shekara ta zagayo, babu wanda ya zo.

Ni dai ban taɓa ganin irin wannan kare ba. Kansa kamar na yanyawa, kunnuwa a tsaye, jiki dogo, gashi ja da fari mai kauri, ƙafafu kuwa ka ce sare su aka yi. Daga ƙasa zuwa kafaɗarsa bai wuce santimita 30 ba. Yaran gida suka yi watsi da sunansa na Turai, suka raɗa masa Gajere. Ga shi da son mutane, ga wayo, amma ba ya zama wuri ɗaya. Duk abin da ya motsa a tsakar gida sai ya bi shi. Ya tara kaji a lungu ɗaya, ya hana ragunan da Kawu ke turkawa sakat, in yara suka ruga da gudu ya bi bayansu yana kai cafka ga diddige. Kwana biyu kafin in iso, ya kama ɗiyar maƙwabci a diddige har ya fitar da jini.

An kai yarinyar likita aka wanke ciwon aka duba ta. Allah ya sa Kawu ya riga ya sabunta wa karen allurar rigakafin hauka a wurin likitan bisashe, ga shaida a karne. Duk da haka uban yarinyar ya kafe a kan cewa karen ya haukace, a kashe shi ko a kai shi daji a yar. Ban ga laifinsa ba, don duk wanda ya san ciwon haukan kare ya san in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Tanti ma ta gaji da sharar gashi da kukan yara. Kawu kuwa yana ganin amana ce aka bar masa. Da dare ya kira ni ya miƙo mini karnen, ya ce: “Kai ɗan lakwal, ku da kunka yi karatu, duba mini mi ke damun wanga kare. In hauka ce mu sani, in kuma wani abu na daban, mu sani.”

A shafin farko na karnen an rubuta irinsa: korgi na Pembroke. Daga wannan suna na fara, na kwana uku ina karatu a salula. Ni ɗalibin tarihi ne, kuma amsar da na samo ta tarihi ce. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta muku ita.

Korgi ɗan ƙasar Wels ne, wani yanki mai duwatsu da ruwan sama da sanyi a yammacin tsibirin Birtaniya, mai harshensa na kansa dabam da Ingilishi. A harshen nan sunan ya haɗa kalmomi biyu ne, ɗaya tana nufin wada, ɗaya tana nufin kare. Wato kare wada. Ashe yaran Kawu ba su yi kuskuren suna ba. Iri biyu ne, kowanne da sunan lardin da ya fito. Na Cardigan ya fi girma kaɗan, yana da doguwar wutsiya. Na Pembroke ya fi ƙanƙanta, nauyinsa kilo 10 zuwa 13, shi ne irin Gajere.

Mutanen Wels makiyaya ne tun fil azal, kuma sun daɗe da sanin darajar karen kiwo. A dokokin da ake danganta wa sarkinsu Hywel Dda, wanda ya yi mulki a ƙarni na 10, an ƙiyasta karen makiyayi mai fita da garke da safe ya dawo da shi da maraice daidai da kuɗin sa. Ku dubi wannan da kyau: kare guda, diyyarsa sa guda. Dalili kuwa shi ne aikin da yake yi.

Mu nan, Bafillace ba ya kora shanunsa da kare. Muryarsa da sandarsa sun isa, shanun sun san shi, suna binsa. Karen ruga gadi ne aikinsa. A Wels kuwa kare ne ke kora, kuma yadda korgi ke yi shi ne ya zagaya bayan saniya ya ɗan cije ta a diddige. Saniya ta kai harbi, shi kuma ya kwanta ƙasa, kofaton ya wuce ta samansa, ya tashi ya sake. Kare mai dogayen ƙafafu da ya gwada haka da wuri zai sha harbi a kai. Kenan gajartar da muke yi wa dariya ita ce kayan aikinsa. Manoma suka yi ta zaɓen waɗanda suka fi gajarta da naci da rashin tsoro suna haɗa su, tsara bayan tsara. A 2009 masu bincike a Amurka suka gano cewa canji guda ne a ƙwayoyin gado yake taƙaita girman ƙashin ƙafa a korgi da wasu gajerun karnuka. Allah ya kawo canjin, makiyaya suka ga amfaninsa suka riƙe shi.

Babban fagen wannan aiki shi ne fataucin shanu. Ƙasar Wels tana haifar da shanu da yawa, amma masu kuɗin cin nama suna Ingila, musamman Landan. Ɗaruruwan shekaru ana kora baƙaƙen shanun Wels a ƙasa, ta burtaloli masu ratsa duwatsu, har filayen kiwo na Ingila inda za a ƙara musu ƙiba, daga nan a kai su kasuwar Smithfield ta Landan. Tafiya ce ta wajen sati uku. Saboda tsakuwar hanya, maƙera na buga wa shanun takalman ƙarfe, biyu a kowace ƙafa tunda kofaton saniya a rabe yake, takwas kenan ga kowace dabba. Shanun tsibirin Anglesey kuwa iyo suke su ƙetare mashigin ruwan Menai, har sai da aka gama gada a 1826.

Wanda ya taɓa zama da tsofaffin ƴan kore na Maraɗi ko Damagaram, waɗanda suka kai bisashe kudu da ƙafa kafin manyan motoci su karɓe aikin, zai gane irin wannan rayuwa. Sana'a ce ta amana, don dukiyar mutane da yawa ce a hannun mutum ɗaya. A ƙarni na 16, zamanin Sarauniya Elizabeth ta I, doka ta ce ba a ba mutum lasisin wannan fatauci sai ya kai shekara 30, yana da aure, yana da gidansa. Kuɗin da ke yawo a hannunsu ya kai har wani ɗan kore mai suna David Jones ya kafa banki a garin Llandovery a 1799, ana kiransa Bankin Baƙin Sa, don hoton baƙin sa ne a kan takardun kuɗinsa. Bankin ya rayu har 1909, lokacin da bankin Lloyds ya saye shi. A gefen duk wannan dukiya akwai ƙananan karnuka suna sassarfa daga safe har dare, suna mayar da saniyar da ta kauce, suna haushi in baƙo ya tunkaro zango.

To, sai zamani ya juya. Jirgin ƙasa ya shigo a ƙarni na 19, tafiyar sati uku ta koma ta kwana ɗaya, kuma shanun na isa ba tare da sun rame ba. A 1855 aka rufe kasuwar bisashe masu rai ta Smithfield aka mayar da ita wajen tsakiyar birni. A can gida kuma aka yi ta rarraba filayen kiwo na kowa da kowa ana kewaye su da shinge. Saniyar da ke cikin shinge ba ta buƙatar mai kora ta nesa. Manoma da yawa suka koma kiwon tumaki, tumaki kuwa ba sa jure cizo, sun fi dacewa da kare mai dogayen ƙafafu wanda ke zagaya su daga nesa yana tsare su da ido. Kafin ƙarnin ya ƙare, sana'ar da aka yi korgi dominta ta kusa mutuwa. Abin da ya rage masa shi ne gadin gona da kashe ɓeraye da rakiyar ƴan shanun gida.

A daidai lokacin nan wata sabuwar al'ada ke tasowa a biranen Ingila. Masana'antu sun samar da masu hali waɗanda ba su da gona ba su da garke, amma suna son kare a gida don sha'awa. A 1859 aka yi gasar nunin karnuka ta farko irin ta zamani a Newcastle. A 1873 aka kafa Kennel Club a Landan, ƙungiyar da ke rajistar asalin karnuka da rubuta yadda kowane iri ya kamata ya kasance a ido. Abin lura, a wannan shekara ta 1873 ne kuma aka yi gasar karnukan kiwon tumaki a garin Bala na Wels, inda ake auna kare da aikinsa a fili. Hanya ta rabu biyu kenan: masu tambayar me kare ya iya, da masu tambayar yaya kamanninsa. Korgi hanya ta biyu ya bi. A 1925 masu sha'awarsa suka kafa ƙungiya a Carmarthen, a 1934 kuma Kennel Club ta raba na Pembroke da na Cardigan a matsayin iri biyu.

Abin da ya ɗaga shi sama gaba ɗaya gidan sarauta ne. A 1933 Yariman York, wanda daga baya ya zama Sarki George na VI, ya samo wa ƴaƴansa mata korgi mai suna Dookie daga wurin wata mai kiwon karnuka, Thelma Gray. Babbar ɗiyar, Elizabeth, tana da shekara 7. A 1944, ranar da ta cika 18, aka ba ta karya mai suna Susan, wadda ta shaƙu da ita har ta tafi da ita yawon amarci a 1947. Daga Susan aka samu zuriyar da ta kai tsara 14, ta ƙarshe a cikinsu, Willow, ta mutu a 2018. A tsawon rayuwarta Sarauniya Elizabeth ta II ta mallaki korgi sama da 30. Sun fito tare da ita a ɗan fim ɗin buɗe wasannin Olamfik na Landan a 2012, kuma ranar jana'izarta, 19 ga Satumba 2022, biyu daga cikinsu na tsaye a fadar Windsor lokacin da aka iso da gawarta.

Abin da sarki ya so, talaka ma zai so. Wajen 1960 ana rajistar ƴan kwikwiyon Pembroke kusan 9,000 a shekara a Birtaniya. Daga nan yayi ya wuce, matasa suka fara ganinsa karen tsofaffi, har a 2014 adadin ya faɗo 274, Kennel Club ta sa shi cikin jerin irin karnukan ƙasar da ake fargabar ɓacewarsu. Sai ga shirin The Crown na Netflix a 2016, ga hotuna da bidiyoyi a intanet, yayi ya dawo, a 2018 aka cire shi daga jerin. Kun ga yadda rayuwar dabba ta koma hannun talla. Jiya shanu ne ke yanke hukuncin wane kare ya cancanta, yau allon salula ne.

Amma ga inda zancen yake. Fada ta canza wa korgi wurin kwana da abinci, ba ta canza masa hali ba. A 1954 Susan ɗin nan ta ciji mutumin da ke ɗaura agogunan fada. A 1991 ita kanta Sarauniya ta sha cizo a hannu har aka yi mata ɗinki uku, lokacin da ta shiga raba faɗan karnukanta. Da na karanta wannan sai na yi dariya ni kaɗai cikin dare. In karen Buckingham mai ma'aikata da likitoci bai bar halin kakanninsa ba, ina ga Gajere a tsakar gidan Kawu? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shekara ɗari na gado mai laushi ba su goge abin da ɗaruruwan shekaru na burtali suka dasa ba. Idan yaro ya ruga a gabansa, abin da yake gani shi ne ɗan maraƙi ya bar garke, kuma abu ɗaya ya sani game da ɗan maraƙin da ya bar garke.

Washegari na zauna da Kawu na faɗa masa duk wannan. Ya yi shiru, sannan ya ce: “Ashe makiyayi na, munka ɗaure shi cikin gida kamar ɗan kurkuku.” Ya tuna mini abin da muka karanta a zaure cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, inda aka nuna ba a ajiye kare a gida sai don gadin shuka, ko rakiyar bisashe, ko farautar neman abinci. Na lura malaman Ƙairawan na ƙarni na 10 da dokokin Wels na ƙarni na 10, duk da ba su san juna ba, sun haɗu a wuri ɗaya: kare da aikinsa ake saninsa. Ajiye karen kiwo don ado kawai sabon abu ne ko a can Turai, kuma nauyin wannan sabon abu karen ne ya fi ɗauka. Korgin da ba ya motsa jiki yana yin ƙiba da sauri, dogon bayansa a kan gajerun ƙafafu ya fara ciwo. Ƙarfin da bai ƙone a fili ba kuma yana fitowa ta haushi da tauna kaya da bin diddige.

Ga kuma zafi. Gashin korgi hawa biyu ne, na ciki mai laushi da na waje mai kare ruwa, an yi shi ne don ƙasar da ko a tsakiyar bazararta awon zafi yana wajen 20. A Yamai, watan Afrilu da Mayu, yana wuce 40. Tanti ta ce a watannin nan Gajere kwanciya yake gindin randa, harshe waje, yana haki kamar zai mutu, sai sun jiƙa buhu sun shimfiɗa masa.

Wannan ya sa na tuna da namu karen. A yankin Azawak, arewa da Tawa har cikin Mali, makiyaya na da siririn kare mai dogayen ƙafafu da ɗan gashi kaɗan, mai gadin zango da korar barewa da zomo. A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, yau yana cikin gasannin nuni da sunan Azawakh, kuma a 2019 babbar ƙungiyar karnuka ta Amurka ta amince da shi a hukumance. Can sai an sa masa riga lokacin sanyi. Wato namu yana can yana rawar ɗari, nasu yana nan yana haki gindin randa, kuma duka biyun sha'awar ɗan Adam ce ta raba su da ƙasar da ta ƙera jikinsu.

Ban rubuta wannan don in ce kada kowa ya ajiye kare ba. Na rubuta ne don na ga abin da ke faruwa tsakaninmu matasa. Mutum ya ga ɗan kwikwiyo a TikTok ko Facebook, ya tara kuɗi ya saya don a ce yana da karen Turai, bai tambayi don wane aiki aka samar da irinsa ba. Wata shida kare ya girma, ya fara abin da jininsa ya sani, sai a ɗaure shi da sarƙa a rana ko a sake shi a titi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kafin ka saya, nemi tarihinsa, don a can ne za ka ga irin wahalar da za ka sha da irin hakkin da ke kanka. In ba ka da lokacin fita da shi kullum, ko kuɗin allurarsa duk shekara, ko gidanku cike yake da ƙananan yara masu guje-guje, ƙaramin karen kiwo ba naka ba ne, komai kyansa a hoto. Ƙanƙantarsa ce ke ruɗin mutane, suna zaton ƙaramin jiki ƙaramar buƙata.

Kawu ya je ya samu maƙwabcin nan da kansa, ni ina biye. Ya sake ba shi haƙuri, ya biya kuɗin maganin yarinyar, ni kuma na ba shi labarin shanun Wels a taƙaice. Mutumin ya saurara har ƙarshe, ya ce: “Na ji, ɗana. Amma ɗiyata ba saniya ba ce. In ya sake, ba ni zuwa wurin kowa, ni da kaina za ni yi maganinshi.” Gaskiya ya faɗa. Tarihi yana bayyana dalilin cizo, amma ba ya biyan diyyarsa.

Daga ranar aka canza tsari. Bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, babban ɗan Kawu yana fita da ragunan zuwa wani fili a bayan unguwa, Gajere na biye a ƙarshen igiya mai tsawo. Da farko ya riƙa kai musu cizo, sai aka riƙa tsawata masa ana janye shi duk lokacin da ya buɗe baki, ana ba shi ɗan ƙashi in ya kora su ba tare da ya taɓa su ba. Cikin sati biyu ya gane. Bayan magariba a sake fita da shi. An gyara ƙyauren gida don kada ya fita shi kaɗai, an keɓe masa inuwa nesa da wurin salla da madafa. Yara kuma aka koya musu abu ɗaya: in ya biyo ka, tsaya cik, kada ka gudu, kada ka yi ihu. Abin da ba ya motsi ba ya buƙatar kora.

Ba zan ce komai ya daidaita ba. Tanti har yanzu tana share gashi tana mita, zafin Afrilu yana nan yana jiransa, kuma waɗanda suka bar shi ba su aiko ba. Amma haushin dare ya ragu, kaji sun samu sararin kiwo, kuma har na baro Yamai bai sake taɓa kowa ba. Ranar da zan tafi tasha na ga ɗiyar maƙwabcin ta shigo aike. Gajere ya taso da gudu, ita kuma ta tsaya cik, hannuwa a ƙirji, ido rufe. Ya zagaye ta sau ɗaya, ya shinshini tsohon tabon, ya juya ya koma wurin ragunansa.